Gadon da ya ƙi rabuwa biyu

Baffana malamin gado ne. Ba alƙali ba ne, amma a unguwarmu ta cikin gari, can bayan kasuwar Kurmi, idan aka yi rasuwa aka share makoki, zaurensa ake nufa da takardun gida da na gona don ya fitar wa kowa haƙƙinsa. Ni kuwa lissafin boko nake koyarwa a wata sakandare, don haka duk sa'ad da wata lamba ta tsaya masa a rai sai ya turo yaro a kira ni. Sunan mahaifinsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba.

"Babana, matso nan. Ka san labarin wanda ya ƙago shaɗaranji?"

Na ce na taɓa ji, Allah ya gafarta Malam. Ya ɗauko wani mujalladi ya shiga karantawa yana fassarawa. Ibnu Khallikan ne ya kawo labarin, alƙalin nan haifaffen Irbil, a littafinsa na tarihin mashahuran mutane wanda ya fara rubutawa a 1256. Wai wani mai hikima a ƙasar Hindu ne ya ƙago wasan, wato chess, da ake yi a kan allo mai gidaje 64, sarki ya ji daɗi ya ce ya faɗi tukuicinsa. Mutumin ya ce alkama yake so: ƙwaya ɗaya a gidan farko na allon, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na 64. Sarki ya raina roƙon. Da ma'aji suka zauna lissafi, sai suka dawo suka ce duk rumbunan ƙasar ba za su biya ba.

Baffa ya rufe littafin ya ce, "Ni ba yawan ne ya dame ni ba, kowa ya san yana da yawa. A ce mutumin nan ya karɓi alkamarsa, ya faɗi ya mutu. Magada nawa zai bari a raba musu daidai wa daida, ba a fasa ƙwaya ba, ba a bar ko ɗaya a ƙasa ba?"

Na ce ya ba ni lokaci.

Kafin a raba dukiya sai an san adadinta. Abin da zai fara zuwa wa mutum shi ne ya jera gidaje 64, ya yi ta ninkawa, sannan ya tara su. Ba sai an tara ba. Dubi farkon allon: 1 da 2 sun ba da 3, saura ɗaya su kamo 4 na gida na uku. 1 da 2 da 4 sun ba da 7, saura ɗaya su kamo 8. Haka abin yake har ƙarshe, duk abin da aka tara a baya ƙwaya ɗaya ce ta rage masa ya kai gidan da ke gaba. Ke nan jimlar allon ita ce abin da gida na 65 zai ɗauka da a ce akwai shi, a ɗebe ɗaya. Wato a jera 2 har guda 64 a ninka su da juna, a cire 1.

Kalkuletar da ke hannuna irin ta 'yan Kantin Kwari ce, mai gurbi goma sha biyu. Na jera 2 guda goma sha shida na ninka su da juna, ta ba ni 65,536. Na ninka wannan da kansa, ta ba ni 4,294,967,296, wato 2 guda talatin da biyu an ninka su da juna. Saura in ninka wannan ma da kansa. Na danna, ta tsaya cak ta fito da alamar kuskure. Na gwada manhajar teburin lissafi da ke kwamfutar makarantarmu, ita kuma tata dabarar ta fi haɗari, domin ba ta cewa ta gaza. Alƙaluma goma sha biyar na farko take riƙewa, sauran ta cike su da sifili, ta miƙo maka amsa kamar gaske. Duk wanda ya taɓa shigar da lambar katin cirar kuɗi mai alƙaluma goma sha shida ya ga na ƙarshe ya koma sifili, ya san abin da nake faɗa. A aikin rabo kuwa wutsiyar lamba ita ce komai.

Sai na sayo littafin lissafi mai gida-gida na 'yan firamare, don kowane alƙalami ya zauna a gidansa, na datse lambar biyu: 42,949 a gaba, 67,296 a baya. Na gaba sau kansa ya ba da 1,844,616,601, na bi shi da sifili goma. Na gaba sau na baya, a ninka biyu, ya ba da 5,780,591,808, na bi shi da sifili biyar. Na baya sau kansa ya ba da 4,528,751,616. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan kalkuletar shago tana iya ɗaukarsa. Tarawar ce na yi da biro, na cire ɗaya, ga abin da ya fito:

18,446,744,073,709,551,615

Alƙaluma ashirin. Idan mutum yana so ya faɗe ta da baki, ya ce miliyan sau miliyan sau miliyan, har goma sha takwas da kusan rabi. Ba ni na fara ganin ta ba. Al-Biruni, masanin nan na Khwarizm, ya rubuta wannan jimla wajen shekara ta 1000, ba shi da kalkuleta ko ta shago.

Ko da yake Baffa ya ce yawan bai dame shi ba, ni ya dame ni, don haka na auna shi da ma'aunin Dawanau. Mu ɗauka ƙwayar alkama dubu, irin wadda ake nomawa a Kadawa, tana da nauyin giram 40 ko kusa da haka. Layin farko na allon, gidaje takwas, ƙwaya 255 ne, cokali guda. Gida na 21 yana da ƙwaya 1,048,576, bai kai rabin buhu ba. Rabin allon cur, gidaje 32, ya kama kusan tan 172, wato buhu dubu ɗaya da ɗari bakwai da 'yan kai, tirela shida idan kowace ta ɗauki buhu 300. Akwai 'yan kasuwa a Dawanau da za su biya wannan ba tare da sun ci bashi ba, kuma ina jin a nan sarkin ya tsaya da tunaninsa. Rabi na biyu ne masifar. Allon gaba ɗaya ya haura tan biliyan 730. A raba wa mutanen duniya biliyan takwas, jariri da tsoho, kowa zai tashi da kusan tirela uku.

To, sai rabo. Na fara da gwaje-gwajen da nake koya wa 'yan aji ɗaya. Lambar ta ƙare da 5, saboda haka wutiri ce, ba ta rabuwa biyu. Wannan kaɗai ya kashe huɗu da shida da takwas da duk wata lamba shafa'i. Ƙarewa da 5 kuma ya nuna tana rabuwa biyar. Na tara alƙalumanta ashirin suka ba da 87. Uku tana shiga 87 sau 29 ba saura, ke nan lambar tana rabuwa uku. Tara ba ta shiga 87, ke nan ba ta rabuwa tara.

Bakwai da sha ɗaya da sha uku akwai dabarar da ke kama su a tarko ɗaya, kuma ina mamakin yadda ba a cika koyar da ita ba. Idan ka ninka 7 da 11 da 13 za ka sami 1001, dubu da ɗaya. Saboda haka sai ka yanka lambar uku-uku daga dama, kamar yadda waƙafi ya riga ya yanka ta, ka dinga ɗebewa kana ƙarawa bi da bi: 615 a cire 551, a ƙara 709, a cire 73, a ƙara 744, a cire 446, a ƙara 18. Ya ba da 1016. Duk saurar da 1016 za ta bari, ita babbar lambar za ta bari. A raba ta bakwai, saura 1. A raba ta sha ɗaya, saura 4. A raba ta sha uku, saura 2. Duk ukun sun fita.

Sha bakwai ba ta da gajeriyar hanya mai daɗi, don haka na yi doguwar rabawa. Na raba da 5 na sami 3,689,348,814,741,910,323. Na raba wannan da 3 na sami 1,229,782,938,247,303,441. Na raba da 17, ta shiga tsaf, ya rage 72,340,172,838,076,673. Daga nan na bi 19, 23, 29, 31, 37, kowace shafi guda take ci, kowace kuma sai ta bar saura. Lambobin da nake bi su ne waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu, waɗanda ni da ɗalibaina muke ce wa gagara-rabo. Da su ake gina kowace lamba, kuma kowace lamba hanya ɗaya tak take warwarewa zuwa gare su. Matsalar ita ce, don in tabbatar da abin da ya rage a hannuna ta wannan hanya, sai na gwada gagara-rabo har zuwa sama da miliyan 268. Ko na bar koyarwa na zauna a kai, rayuwa ba za ta isa ba.

A nan na ajiye biro na canza tambaya. A garin nan idan yaro ya zo neman aure ba a tsayawa auna tsawonsa, cewa ake ɗan gidan wa ne, su wa suka haife shi. Ita ma lambar nan tana da asali, kuma na san shi tun farko: wata lamba ce sau kanta, a cire ɗaya. Duk ɗan aji uku ya san abin da ke faruwa da irin wannan. Goma sau goma a cire ɗaya 99 ne, wato 9 sau 11. Takwas sau takwas a cire ɗaya 63 ne, wato 7 sau 9. Kullum ta ƙasa da ita sau ta sama da ita. Tunda tawa 4,294,967,296 ce sau kanta a cire ɗaya, to ita ce 4,294,967,295 sau 4,294,967,297. Layi ɗaya ya datse alƙaluma ashirin zuwa goma-goma.

Ta farkon ma irin haihuwar ke gare ta: 65,536 sau kanta a cire ɗaya, wato 65,535 sau 65,537. Ita kuma 65,535 ta zama 255 sau 257. Sai 255 ta zama 15 sau 17, 15 ta zama 3 sau 5. Ga su nan sun jeru: 3, 5, 17, 257, 65,537, 4,294,967,297. Uku na farko su ne waɗanda na sha wahalar haƙowa da doguwar rabawa. Akwai wani abin sha'awa a jerin: ka ninka na baya duka ka ƙara 2, sai ka sami ta gaba. 3 sau 5 da 2, 17. 3 sau 5 sau 17 da 2, 257. Wannan ya nuna babu biyu a cikinsu da wata lamba za ta raba su tare, domin duk wadda ta raba ta baya, idan ta zo kan ta gaba saurar 2 za ta tokare ta.

Jerin nan yana da suna. Pierre de Fermat, lauya kuma alƙali a Tulus ta Faransa, wanda lissafi ya zame masa abin hutawa bayan aiki, ya rubuta su a wata wasiƙa a 1640 ya ce yana da yaƙinin dukkansu gagara-rabo ne, ko da yake ya amsa cewa bai sami cikakkiyar hujja ba. A kan biyar na farko ya yi daidai. 257 da 65,537 na gwada su da kaina; ta biyun tana buƙatar a bi gagara-rabo da ke ƙasa da 256, aikin yamma ɗaya da kalkuleta. Ta shidan ce abin ya tsaya a kanta shekara casa'in da biyu, har 1732, lokacin da Leonhard Euler, ɗan Siwizalan mai shekara ashirin da biyar da ke aiki a Rasha, ya nuna tana rabuwa. A wannan shekarar dai ta 1732, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya kammala littafinsa kan yadda ake gina hatimi mai gidaje wutiri, inda kowane layi yake ba da jimla ɗaya. Ina faɗa wa ɗalibaina wannan duk shekara, saboda da yawansu sun ɗauka wasa da lambobi baƙon abu ne a ƙasar nan.

Na ƙudurta ba zan kwafi amsar Euler ba, hanyarsa zan bi in ga ko za ta kai ni. Abin da ya bayyana daga baya shi ne, duk gagara-rabon da za ta raba 4,294,967,297 dole ta kasance ninkin 64 da ɗaya a kai. Dalilin, a taƙaice: idan kana ninka biyu kana riƙe saura kawai, saurar takan zagayo ta dawo 1. Ga lambar da za ta raba wannan, zagayen taki 64 ne cif. Fermat da kansa ya riga ya nuna cewa tsawon zagayen dole ya shiga cikin gagara-rabon idan an cire mata ɗaya. Saboda haka maimakon dubban lambobi, ga waɗanda suka rage: 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641, haka har gaba. 65 tana rabuwa biyar, 129 da 321 da 513 suna rabuwa uku, 385 tana rabuwa biyar, duk sun fita. 257 na riga na san za ta bar saurar 2.

Ba sai na raba alƙaluma goma ba ma. Tunda lambar 65,536 ce sau kanta da ɗaya, sai in ɗauki saurar 65,536, in ninka ta da kanta, in ƙara ɗaya, in sake rabawa. Da 193, ya ƙare da saurar 109. Da 449, saura 325. Da 577, saura 288. Na zo kan 641. Ta shiga 65,536 sau 102, saura 154. Na ninka 154 da kanta, 23,716. Na ƙara ɗaya, 23,717. Na raba da 641, kalkuleta ta nuna 37, ba ɗigo, ba komai a bayansa. An ɗauke wuta a lokacin, da fitilar waya nake aikin, sai da na sake dannawa na kuma duba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar aikin. Gwaji na huɗu ne. Mutumin da ya gano ƙa'idar zagayen da hannunsa, rabawa huɗu ce tsakaninsa da gane cewa zatonsa bai tsaya ba.

4,294,967,297 a raba da 641 ya ba da 6,700,417. Na auna da zubar da tara, irin awon da masu hisabi suke yi: alƙaluman 641 sun tattaru zuwa 2, na 6,700,417 zuwa 7, biyu sau bakwai 14, wato 5, alƙaluman babbar sun ba da 59, wato 14, wato 5. Sun dace.

Saura in san ko 6,700,417 za ta ƙara fashewa. Idan tana rabuwa, ɗaya daga cikin masu raba ta ba za ta wuce 2,588 ba, domin 2,589 sau kanta ya riga ya haura ta. Gagara-rabo da ke ƙasa da wannan sun fi 370. Amma Édouard Lucas, wani Bafaranshe, ya ƙara tsuke ƙa'idar Euler a 1878, ya nuna ninkin 128 da ɗaya ne kawai za su iya. Guda ashirin ne a wannan tazara, da na tace waɗanda suke rabuwa sai biyar suka rage: 257, 641, 769, 1153, 1409. Ta farko ta riga ta fita. 641 ta bar 44, 769 ta bar 120, 1153 ta bar 334, 1409 ta bar 622. Ke nan 6,700,417 gagara-rabo ce, aikin feɗewa ya ƙare. Lambar allon ita ce 3 sau 5 sau 17 sau 257 sau 641 sau 65,537 sau 6,700,417. Guda bakwai, babu wadda ta maimaitu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kai wa Baffa. Na ce masa kowace daga cikin bakwai ɗin nan ko ka ɗauke ta ko ka bar ta, zaɓi biyu sau bakwai, saboda haka lambobi 128 ne cif suke raba alkamar ba saura, har da 1 da ita kanta. Waɗanda ba su kai dubu ba su ne 1, 3, 5, 15, 17, 51, 85, 255, 257, 641 da 771.

Ya yi shiru yana motsa yatsu, sannan ya ce, "To ai mutumin nan ya bar rigima. Babu rabi, babu rubu'i, babu sumuni, babu sudusi. Idan ya bar mata, sai an fasa ƙwaya kafin a ba ta sumuninta. Sulusi da sulusani kaɗai ke fita." Ya ci gaba da kansa, ni ina saurare. Namiji ɗaya da mace ɗaya, kaso uku, ya yi. Maza biyu da mace, kaso biyar, ya yi. Maza bakwai da mace, sha biyar. Maza takwas da mace, sha bakwai. Maza biyu su kaɗai, bai yi ba. Sai ya faɗi abin da ni ban lura da shi ba: idan 'ya'ya ne kaɗai magada kuma akwai maza da mata, dole adadin matan ya zama wutiri, domin kason maza bibbiyu ne, ba su taɓa mayar da jimla wutiri.

"Shi ya sa," in ji shi, "asalin mas'ala a wurinmu ba ya wuce su 6 da 12 da 24. Lambobi ne masu albarkar rabo. Wannan taka duk girmanta marowaciya ce. Duba mini, Babana, cikakkiya ce, ko mai rara, ko tauyayya?"

Wannan rabe-raben tsoho ne. Nikomakus na Jarash ya rubuta shi wajen shekara ta 100, Sabit ɗan Ƙurra ya fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na tara. Ana tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. Idan jimlar ta yi daidai da lambar, cikakkiya ce, kamar 6 da ta fito daga 1 da 2 da 3, ko 28. Idan ta haura, mai rara ce, kamar 12 da masu raba ta suka ba da 16, ko 24 da suka ba da 36. Idan ta gaza, tauyayya ce, kamar 8 da suka ba da 7. Ba sai na jera lambobi 128 na tara ba. Tunda babu wadda ta maimaitu cikin bakwai ɗin, sai a ƙara wa kowace ɗaya a ninka su: 4 sau 6 sau 18 sau 258 sau 642 sau 65,538 sau 6,700,418. Ya ba da 31,421,980,989,189,888,768. A cire lambar kanta, ya rage 12,975,236,915,480,337,153, kusan kashi 70 cikin ɗari nata. Tauyayya ce. Hasashen Baffa ya yi daidai tun kafin in taɓa biro.

Daga nan sauran binciken nawa ne, ba wanda ya sa ni. Na tambayi kaina ko za a iya shimfiɗa alkamar a fili murabba'i, layi da layi daidai ta kowane gefe. Fili ɗaya ba zai yiwu ba, ƙwaya ɗaya ce ta rage mata. Biyu ko uku fa? Duk lambar da aka ninka da kanta, idan aka raba ta takwas saurarta 0 ce ko 1 ko 4. Ka haɗa uku daga cikin waɗannan yadda ka ga dama, ba za ka taɓa samun saurar 7 ba. Tamu kuwa, alƙalumanta uku na ƙarshe 615 ne, a raba takwas saura 7. Ke nan biyu ba su isa ba, uku ba su isa ba. Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa huɗu suna isar kowace lamba, amma tabbatarwa daban, nemo su daban. Na ɗauki mafi girman filin da zai shiga, mai gefe 4,294,967,295, ya rage ƙwaya 8,589,934,590. Na sake ɗaukar mafi girma, mai gefe 92,681, ya rage 166,829. Wannan na dinga saukowa daga 408 ɗaya bayan ɗaya ina duba ko ragowar murabba'i ce, har na iso 370, wadda ta ci 136,900 ta bar 29,929. Wannan kuwa 173 ce sau kanta. Fili huɗu ke nan: 4,294,967,295 da 92,681 da 370 da 173, babu ƙwayar da ta yi saura. A duk aikin, wannan ne ya fi yi mini daɗi, wataƙila don ban karanta shi a ko'ina ba kafin in same shi.

Lambar tana cikin dangin da ake jingina wa Marin Mersenne, limamin Kirista ɗan Faransa da ya rasu a 1648, wato biyu da aka ninka sau kaza aka cire ɗaya. A dangin nan ake farautar manyan gagara-rabo. Wadda aka gano a watan Oktoba na 2024 tana da alƙaluma 41,024,320. Sharaɗin farko shi ne adadin ninkin da kansa ya zama gagara-rabo, 64 kuwa tana rabuwa ta ko'ina, don haka tamu ba ta taɓa shiga takara ba. Inda take da sarauta shi ne cikin kwamfuta. A lissafin na'ura, mai alƙaluma biyu kacal, sifili da ɗaya, ana rubuta ta da ɗaya guda 64 a jere, kowane gidan allo da ɗayansa. Ita ce lamba mafi girma da ma'ajiya mai gurbi 64 za ta riƙe, irin wadda ke cikin yawancin wayoyin da muke riƙe da su yau. Ka ƙara mata ɗaya, gurabun duka su juye su koma sifili.

Na kai wa 'yan ajin ƙarshe aikin nan, wata yarinya ta tambaya, to idan maimakon a cire ɗaya aka ƙara ɗaya fa? Wato 18,446,744,073,709,551,617, maƙwabciyar tamu, tazarar biyu kacal. Ita ce ta bakwai a jerin Fermat, kuma ya rubuta ta a wasiƙar nan tasa cikin waɗanda yake zaton ba sa rabuwa. Dabarar ta ƙasa sau ta sama ba ta aiki a kanta, ba ta rabuwa da 3 ko 5 ko 17 ko 641. Sai a 1880 Fortuné Landry, tsoho mai shekara sama da tamanin, ya bayyana cewa ita ce 274,177 sau 67,280,421,310,721. A ƙa'idar Lucas ninkin 256 da ɗaya ake bi, kuma 274,177 ita ce taki na 1,071, saboda haka nemo ta da hannu ba aikin zangon karatu ɗaya ba ne. Tabbatar da ita kuwa minti biyu ne, mun yi shi a allo da kalkuletar shagon nan. 274,177 sau 15,665 ya haura 4,294,967,296 da 15,409. A ninka 15,409 da kanta a ƙara ɗaya, 237,437,282. A raba da 274,177, ya ba da 866, babu saura.